Mai Kaya da Masu Rainon Kaya: Rigimar Masoyan Lauya Phoenix Wright

A ranar 6 ga watan Satumba na shekara ta 2024, kamfanin Capcom na birnin Osaka, a ƙasar Japon, ya fitar da wani wasan bidiyo wanda masoyansa na Turai da Amurka suka shekara 13 suna roƙon a fassara musu. Mai karatu zai zaci ranar nan ba abin da aka ji sai guɗa. An yi guɗar, amma kafin ta an sha cacar baki, domin tun lokacin da kamfanin ya soma bayyana sunayen mutanen da ke cikin labarin, masoya suka tarar ba su ne sunayen da suka sani ba. Wani saurayi mai gabatar da ƙara, wanda suka shekara 10 suna kira Sebastian Debeste, ya wayi gari sunansa Eustace Winner. Alƙaliya Justine Courtney ta koma Verity Gavèlle, lauya Raymond Shields kuma ya zama Eddie Fender.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, waɗannan tsofaffin sunaye da ake kuka a kansu ba kamfanin ya raɗa su ba. Masoyan ne da kansu suka raɗa, a lokacin da kamfanin ya juya musu baya. Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin buro, zancen zai yi kama da rigimar yara a kan abin wasa. Amma a ƙarƙashinsa akwai tambayar da duk mai kanti ya taɓa cin karo da ita: in haja ta shekara da shekaru a hannun masu saye, suka so ta, suka yi mata hidima, suka yi mata talla kyauta, shin har yanzu mai ita yana da ikon juya ta yadda ya ga dama ba tare da ya saurare su ba?

Minene wannan wasa?

Jerin wasannin ana kiransa Ace Attorney a Turai da Amurka, a Japon kuwa Gyakuten Saiban, wato shari'ar da ke juyewa a ƙarshe. Wani ma'aikacin Capcom mai suna Shu Takumi ne ya rubuta na farko, ya haɗa shi da ƴan tsirarun abokan aiki, aka fitar da shi a shekara ta 2001 a kan ƙaramar na'urar hannu ta Game Boy Advance. Na biyu ya biyo baya a 2002, na uku a 2004, dukansu da Japananci kaɗai.

Ba wasan harbi ba ne, ba na tsere ba ne, kuma saurin yatsa ba ya amfana wa mutum komi a cikinsa. Karatu ne da tunani, kamar littattafan binciken kisan kai, sai dai a nan mai karatun shi ne lauyan. Ana zargin wani da kisa, kowa ya haƙiƙance shi ne ya aikata, sai mai wasa ya tafi inda abin ya faru, ya tattara shaidu, ya yi wa mutane tambayoyi. Kashegari a shiga kotu. Mai ba da shaida zai zuba bayaninsa jimla bayan jimla, aikin mai wasa shi ne ya gano jimlar da ta saɓa wa wata takarda, ko hoto, ko rahoton likita da ke cikin jakarsa. In ya dace, lauyan ya daki tebur, ya nuna yatsa, ya daka tsawar da ta zama tambarin wasan: Objection! In ya yi kuskure alƙali ya ci shi tara, in kurakuran suka yi yawa a yanke wa marar laifi hukunci. A duniyar wasan kuma ba a wuce kwana 3 ana shari'a ɗaya.

Manyan mutane da dama sun riƙi wasan da muhimmanci saboda abin da yake tuna musu. A Japon ta gaske, fiye da kashi 99 cikin 100 na waɗanda aka gurfanar gaban kotu ana samun su da laifi, kuma ana iya tsare wanda ake zargi har kwana 23 kafin a tuhume shi. Iwao Hakamada, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a 1968 bisa wani iƙirari da ya ce tilasta masa aka yi, bai fito daga kurkuku ba sai 2014, kotu kuma ba ta wanke shi ba sai a watan Satumba na 2024. Lauyan da ke tsayawa shi kaɗai a gaban mai gabatar da ƙarar da bai taɓa faɗuwa ba, wannan hoto ne da Bajapane ya san ma'anarsa, ko da yake wasan cike yake da barkwanci.

Rigima ta farko: wace ƙasa ake ciki?

Sai a shekara ta 2005 aka fitar da wasan da Ingilishi a kan na'urar Nintendo DS, ya isa Turai a 2006, har da fassarar Faransanci. A Amurka kamfanin bai yi zaton kasuwa za ta karɓe shi ba, sai ga kaset ɗin ya yi wuyar samu a kantuna, dole aka yi ta sake bugawa. Masoya ne suka yi masa talla baki da baki.

Masu fassara sun ɗauki wata shawara tun a ranar farko, wadda ta bi su har shekaru. Shari'ar farko ta dogara a kan wani agogo da bambancin sa'o'i tsakanin birnin da lauyan yake da wani birnin waje, don haka dole a faɗi inda labarin ke faruwa. Masu Ingilishi suka zaɓi Los Angeles, masu Faransanci suka kai shi Faransa. Lauya Naruhodo, wanda sunansa ke nufin "lalle haka ne" da Japananci, ya zama Phoenix Wright. Abokin hamayyarsa Mitsurugi ya zama Miles Edgeworth da Ingilishi, Benjamin Hunter da Faransanci. Ɗan sandan ciki kuwa Faransawa suka sa masa Dick Tektiv, wanda duk mai jin Faransanci zai gane wasan da aka yi da kalma a ciki. Har taliyar da mataimakiyar lauyan ke so aka mayar da ita burodi da nama irin na Amurkawa.

A wasa na farko dabarar ta yi aiki. Amma marubutan Japon ba su san da zancen Los Angeles ba, suka ci gaba da rubuta ƙasarsu. A wasa na biyu sai ga wani ƙauyen masu kiran ruhohi, da gidajen katako da tabarmi da tufafin gargajiya na Japon, wai a bayan garin Los Angeles. Masoya suka yi ta dariya, suka raɗa wa wannan ƙasa da babu ita a taswira suna Japanifornia. Wasu sun fusata, suna cewa an raina musu hankali, an ɗauka ba za su iya son labarin da ya faru a wata ƙasa ba. Janet Hsu, wadda ta daɗe tana jagorancin fassarar, ta fito da bayani cewa a ɗauka wata Kalifoniya ce ta daban, inda ba a taɓa yin dokokin nuna wa Japanawa wariya ba, shi ya sa al'adarsu ta bunƙasa a can. Bayanin bai gamsar da kowa ba, amma ya nuna abu guda: kamfanin ya ga dole ya amsa. Da tafiya ta yi nisa, abin da aka fara ɗauka aibi ne ya zama abin so, har in da za a gyara shi yau, su masu dariyar ne za su fara kuka.

Rigima ta biyu: ina gwarzonmu?

Takumi ya ɗauka labarin Phoenix Wright ya ƙare a wasa na uku. Da aka zo na huɗu, Apollo Justice, wanda ya fito a Japon a 2007, ya so ya kawo sababbin mutane gaba ɗaya, amma kamfanin ya ce lalle a saka tsohon lauyan a ciki. Sai aka saka shi ta hanyar da ba wanda ya zata. An ƙwace masa lasisin aiki bisa zargin gabatar da shaidar jabu, ya shekara 7 ba ya shiga kotu a matsayin lauya, yana kaɗa piyano a wani gidan abinci yana kuma buga karta, da hular sanyi da gemun da bai ga aska ba.

Masoya suka rabu biyu. Wasu suka ce wannan shi ne rubutu mai ƙarfin hali, domin ya nuna cewa tsarin shari'ar da ya lalace yana iya cinye mutumin kirki. Wasu suka ce an wulaƙanta mutumin da suka yi dare da rana suna tsayawa a takalminsa, kuma sabon yaron ma bai samu filin kansa ba tunda inuwar tsohon ta rufe shi. Ba a raba hanta da jini. A wasa na biyar, wanda ya fito a 2013, sai ga Phoenix Wright ya dawo da shuɗiyar kwat ɗinsa da lasisinsa.

Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin labaran bincike. A shekara ta 1893 marubucin Birtaniya Arthur Conan Doyle ya gaji da Sherlock Holmes, ya jefa shi a wani kwazazzabon ruwa a Suwizalan don ya huta. Masu karatu ba su bar shi ya huta ba. A 1901 ya sake rubuta wani labarinsa, a 1903 kuma ya fito fili ya ce ashe Holmes bai mutu ba. Shekara fiye da 100 tsakani, amma ciwon ɗaya ne: wanda ya ƙirƙiri gwarzo yana ganin nasa ne, waɗanda suka zauna da shi kuma suna ganin sun fi shi saninsa.

Rigima ta uku: harshe

Wannan ita ce ta fi zafi, domin ta shafi kuɗi. Wasanni huɗu na farko an fassara su da Faransanci. Amma na 2013 da na 2016 an fitar da su a Turai da Ingilishi kaɗai, kuma ba a kaset ba, sai dai mutum ya saya ta intanet. Mai jin Faransanci da ya bi labarin tun farko ya tarar an rufe masa ƙofa a tsakiyar hanya, a wasan da gaba ɗayansa karatu ne, inda kalma guda ke raba mai laifi da marar laifi. Masoya na Faransa da Beljiyam da sauran ƙasashe masu Faransanci sun yi ta ƙorafi, amma ba su samu fassarar hukuma ba sai a watan Janairu na 2024, shekara fiye da 10 bayan fitowar na biyar.

Wasu ma ba su samu ko Ingilishin ba. A watan Fabrairu na 2011 aka fitar da kashi na biyu na wani reshen jerin, wanda a cikinsa mai gabatar da ƙara Miles Edgeworth ne ke binciken. Kamfanin ya auna kuɗin fassara da ribar da yake tsammani, ya ga ba za ta fitar da shi ba, ya bar wasan a Japon. Lissafi ne irin wanda kowane falke ke yi kafin ya ɗora kaya a mota, kuma ba laifi ba ne.

Amma rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Wasu masoya daga ƙasashe daban-daban, waɗanda yawancinsu ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, suka raba aikin a tsakaninsu. Masu jin Japananci suka fassara dubban jimloli. Masu zane suka gyara duk wani rubutu da ke jikin hotuna. Masu ilimin kwamfuta suka buɗe cikin wasan suka dasa sabon rubutun. Har muryoyi aka nema, aka ɗauki masu daka tsawar kotu. Kuma da yake al'adar jerin ce kowane suna ya ɗauki wasa da kalma, suka zauna suka ƙirƙiro sunaye irin na gidan. Bayan kusan shekara 3, a 2014, aikin ya kammala da sunan Prosecutor's Path, ba wanda ya karɓi ko dala. Ta wannan hanya ce mutane a wajen Japon suka san wasan, da yawansu kuma suka riƙa cewa yana cikin mafi kyau a jerin duka. Wannan yabo da aka shekara 10 ana yi yana cikin abin da ya sa sunan wasan bai mutu ba.

Shi ya sa a 2024, da kamfanin ya kawo tasa fassarar da sababbin sunaye, wasu suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Suna linzami

Sai dai ba kowane canjin suna ne ya jawo fushi ba, kuma bambancin yana da darasi. A 2015 da 2017 Takumi ya rubuta wasu wasanni biyu, The Great Ace Attorney, inda ya koma ƙarshen ƙarni na 19, ya kai kakan lauyan daga Japon zuwa Landan, ya haɗa shi da Sherlock Holmes. Na farkon ya sha suka a Japon, domin ya ƙare ya bar manyan tambayoyi ba amsa, masu saye suka ji kamar an sayar musu da rabin buhu a kuɗin cikakke. Sai da na biyu ya fito ya warware komi sannan zukata suka kwanta.

Waɗannan ma sun daɗe ba su fita Japon ba, sai a watan Yuli na 2021, kuma da Ingilishi kaɗai. Da suka fito, Sherlock Holmes ya zama Herlock Sholmes. A lokacin, wasu daga labaran ƙarshe na Conan Doyle suna ƙarƙashin haƙƙin mallaka a Amurka, wanda bai ƙare ba sai farkon 2023. Wanda ya yi lise zai tuna inda aka samo sunan. Marubucin Faransa Maurice Leblanc ya taɓa saka Holmes a labarin ɓarawonsa Arsène Lupin a 1906, Conan Doyle ya nuna rashin yarda, sai Leblanc ya musanya haruffan farko, har ya fitar da littafi a 1908 mai ɗauke da sunan Herlock Sholmès. Masoya suka fara da dariya, daga baya suka rungumi sunan, saboda ya dace da mutumin da aka zana, mai wayo da shirme a haɗe, kuma saboda sun fahimci dalilin canjin.

Ga bambancin ke nan. Inda aka san dalili, kuma ba a taɓa guminsu ba, masoya sun yi haƙuri. Inda sabon suna ya zo ya share wanda ƴan uwansu suka raɗa, sai abin ya zama kamar an shafe sawun masu aikin.

Wa ke da gaskiya?

A fuskar doka zancen a bayyane yake. Wasan na Capcom ne, fassarar masoya kuma an yi ta ba da izini ba. Kayan aro ba ya rufe katara. In da kamfanin ya kwashi sunayen da wasu suka ƙirƙira ya sayar, da ya buɗe wa kansa ƙofar wata rigimar, domin sai a tambaye shi wa ya biya, kuma da izinin wa. Su ma ƙwararrun masu fassarar da ya ɗauka suna da ikon yin aikinsu daga tushe. Wani ɓangare na kukan kuwa sabo ne kawai, sabo kuma turken wawa. Wanda ya fara sanin wasan a 2024, musamman mai karanta shi da Faransanci a karo na farko, ba abin da ya rasa.

Amma doka ba ita ce iyakar ciniki ba. Tarihin jerin nan ya nuna cewa a kowace mahaɗa masoya sun riga kamfanin ganin darajar kayansa. Su suka sa kaset ɗin 2005 ya ƙare a kantuna. Su suka riƙe wasan 2011 da rai lokacin da mai shi ya ce ba riba. Bayan 2017 har zuwa 2024 duk abin da kamfanin ya fitar a jerin tsofaffin wasanni ne da aka sabunta aka ƙara musu harsuna, kuma an saye su, har jimillar abin da aka sayar tun farko ta haura miliyan 10. Kasuwar da ta sayi waɗannan kaya ba daga sama ta faɗo ba, renon ta aka yi. Mai kanti da ya san wani abokin ciniki ya shekara yana kawo masa mutane ba ya ba shi makullin sito, amma kuma ba ya yi masa kallon baƙo.

Akwai kuma abin da ya sa masoyan irin wannan wasa suka fi na sauran wuyar sha'ani. Wasan da kansa ne ya horar da su. Mutumin da ya kwashe sa'o'i 20 ko 30 yana tankaɗe maganar mai ba da shaida, yana neman inda jimla ta uku ta saɓa wa ta farko, ba zai kasa lura ba in ƙauyen Japon ya ɓullo a Kalifoniya, ko in labari ya ƙare ba a faɗi wanda ya yi laifi ba, ko in Debeste ya kwana ya tashi Winner. Kamfanin ya shekara fiye da 20 yana koya wa masu sayen kayansa kada su yarda da bayanin da bai haɗu ba, ga shi kuma sun koya.